Anowa da Tatsuniyar Yarinya Mai Ƙin Manema

Kusan dukkanmu mun taso da tatsuniyar yarinyar nan da ta ƙi samarin garinsu, ta ce sai marar tabo, ƙarshe ta auri dodo. Mutanen Gana ma suna da irinta, kuma a kanta Ama Ata Aidoo, wadda ta rasu a 2023, ta gina wasan kwaikwayonta mai suna Anowa da aka buga a 1970. Labarin ya faru ne a ƙasar Fante wajen shekarun 1870, bayan yarjejeniyar 1844 da sarakunan gaɓar teku suka ƙulla da Turawan Ingila.

Anowa ta ƙi duk wanda iyayenta, Badua da Osam, za su so, ta kawo Kofi Ako da kanta, ta bar ƙauyen Yebi da alwashin ba za ta sake taka shi ba. Da a tatsuniya ne, nan da nan mijin zai rikiɗe. Aidoo ba ta yi haka ba. A kashi na biyu mun same su a hanya suna fataucin fata, ruwa na dukansu, kaya a ka, har mutane na zaton wa da ƙanwa ne. Nan ne kaɗai muka ga Anowa cikin walwala.

Abin da ya rusa gidan shi ne arziki. Kofi ya fara sayen bayi, Anowa ta ce ba da ita ba. A ganinmu nan ne ƙarfin wasan yake. Mun saba auna ’yancin mace a labaran da can da tambaya ɗaya: ta zaɓi mijinta ko aura mata aka yi? Anowa ta zaɓa, amma ranar da bayi suka karɓi kayan da ke kanta, ta rasa abin da ya sa take daidai da mijinta. A katafaren gidansu na Oguaa, ƙarƙashin hoton Sarauniya Biktoriya, tana yawo cikin tsofaffin tufafinta kamar baƙuwa, ba aiki, ba haihuwa. Hutun da Kofi ke alfaharin ya ba ta, da wuyan wasu aka saye shi, kuma ta sani.

Muna da ƙorafi kan ƙarshen. Anowa ta tona a gaban bayi cewa Kofi ya rasa mazakutarsa, ya harbe kansa, ita kuma ta faɗa ruwa. Abin ya zo da gaggawa, kuma yana iya sa mai kallo ya fita da maganar shimfiɗa a baki, ya manta da maganar bauta. Bayin ma ba a ba su bakin da ya kamace su ba.

Sai dai Aidoo ta bar mana tsoho da tsohuwa masu sharhi a gefe. Tsohuwar ce ta ɗora wa Anowa laifin komai, tsohon ne ya ce jama’ar gari ma su binciki kansu. Mace marubuciya ce ta raba musu maganar haka, kuma duk wanda ya taɓa zama inda ake sasanta aure ya san sau da yawa daga bakin gwaggo ko inna “yi haƙuri ki koma” ke fara fitowa.