Aro Daban, Sata Daban: Kada A Laɓe Bayan Abubakar Imam

A duk lokacin da aka kama wani ya kwashe labarin ɗan'uwansa, ko ya juye fim ɗin Indiya sukutum ya sa sunansa a bango, amsar da muke ji ita ce: ai Abubakar Imam ma aro ya yi. Har wasu ɗalibanmu a nan yankin Rano da Kibiya, masu sha'awar rubutu, sun fara riƙe wannan magana tamkar hujja. Shi ya sa muka ga ya dace mu auna ta.

Babu musu Imam ya yi aro. A 1936 ya zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East na Hukumar Talifi, aka ba shi littattafan ƙasashe daban-daban, ya rubuta Magana Jari Ce. A ciki akwai labaran da suka samo tushe daga Alfu Laila da kuma tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm. Shi kansa akun daga Indiya ya taso.

Amma mu dubi abin da ya yi da akun. A labarin Indiya, aku yana ba wata matar aure labari kowane dare don ya hana ta fita wajen kwartonta. Imam ya kawo shi fadar Sarki Abdurrahman, ya sa yana tsare ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. Manufa ta sauya, mutane sun sauya, harshe kuwa nasa ne, da karin magana da barkwancin Hausa. Shin wanda ya sauya sunayen taurari kawai, ya bar komai yadda ya tarar, zai ce aikinsu ɗaya?

Na biyu, abin da Imam ya ɗiba ba shi da mai shi. Alfu Laila ta ɗaruruwan shekaru ce, na ƙarshen 'yan'uwan Grimm kuma ya mutu tun 1863. Doka ma ta san wannan bambanci. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988, da ta 2022 wadda ta maye gurbinta, sun bar wa marubuci haƙƙin littafinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Imam ya rasu a 1981, ke nan nasa littattafan ma suna da kariya har ƙarshen 2051. To, ina ga marubuciyar da take raye, tana jiran cinikin littafinta ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta?

Doka ba ta hana kowa jigo ba. Auren dole da kishi da maraici na kowa ne. Abin da ta tsare shi ne yadda marubuci ya zuba nasa a rubuce. Saboda haka mayar da littafi fim, ko fassara shi, ko karanta shi a YouTube don samun kuɗi, ko raba shi a WhatsApp, duk sai da izinin mai shi.

Shawararmu ga sababbin marubuta uku ce. Ku adana rubutunku na farko da kwanan wata. Kada ku sayar wa ɗan kasuwa ko mai shirya fim da fatar baki, domin doka ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce. In an cuce ku, ku kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Ƙungiya kuma ta daina rufa wa mai laifi asiri don yana ɗan gida.

Mai son koyi da Imam ya koyi wahalar da ya sha wajen sarrafa abin da ya aro. Allah Ya sa mu gane.