Kwana Huɗu a Fulorans: Me Yaran Suka Gani?

Duk shekara makarantun sakandare na Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai sukan kwashi ɗaliban ajin zane su kai su birnin Fulorans na Italiya, wanda mutanen garin ke kira Firenze. Wanda ya karanta jadawalin irin wannan tafiya guda biyu ko uku, kusan ya karanta dukansu. Ranar farko a hau ƙubbar babbar majami'a, rana ta biyu a shiga gidan zane-zane na Ufizi, ta uku a je a tsaya gaban mutum-mutumin Mikelanjelo, sannan a bar wa yara 'yan sa'o'i su sayi tsaraba a gadar Ponte Bekiyo kafin a nufi filin jirgi. Mu a ganinmu wannan jadawali rubutu ne kamar kowane rubutu. Yana da abin da ya zaɓa da abin da ya tsallake, kuma akwai labarin da yake so yaro ya koma gida da shi. Don haka ya cancanci a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa littafi.

Ba mu ce tafiyar ba ta da amfani ba. Akwai abin da littafi ba zai iya ba. Yaron da ya taka matakala 463 zuwa saman ƙubbar da Burunelleski ya gina tsakanin 1420 da 1436, yana bi ta tsakanin ɓawon ciki da na waje, ƙafafunsa sun fahimci ginin fiye da yadda kowane malami zai bayyana masa a allo. Girma da nauyi da sanyin dutse ba sa shiga waya. Sai dai al'adar kanta gadon masu hali ce. A ƙarni na 17 da na 18 'ya'yan manyan Ingila ne ke zuwa Italiya su yi watanni, wasu ma shekaru, da malami a gefe, don su dawo a ce sun waye. Yau an matse watannin sun koma kwana huɗu, amma har gobe ɗan da iyayensa ke iya biyan kuɗin jirgi da otal shi ne ke zuwa, abokin zamansa a aji kuwa sai ya kalli hotuna.

Matsalar ta fi fitowa fili a Ufizi. Sunan kansa yana nufin ofisoshi, domin Basari ya fara gina wurin a 1560 don ma'aikatan gwamnatin Kosimo na Medichi. Da yawa daga cikin allunan zanen da ke rataye a ɗakunan farko ba don a jera su a bango aka yi su ba. An yi su ne don bagaden majami'u, a kalle su daga ƙasa, cikin hasken kyandir, mutum yana durƙushe. An ciro su, an jera bisa tsarin shekaru, an kunna musu fitila mai haske ɗaya. Wannan jeri yana koya wa yaro cewa zane wata tsere ce: wane ya fi wane iya fitar da fuska, wane ya zo ya wuce shi, har a kai ga gwani na ƙarshe. Darasi ne mai sauƙin rubutawa a jarrabawa, amma ba shi ne dalilin da ya sa aka yi zanen ba.

Sai kuma ɗakin Botichelli, inda jama'a ke cincirindo gaban zanen haihuwar Benus. Yaran sun riga sun san hoton tun daga gida, sun gan shi a bangon littafi da jikin jaka da kofin shayi. Abin da suke yi a gabansa shi ne tabbatarwa: e, ga shi nan, kamar yadda aka ce. A ɗaga waya, a ɗauka, a matsa wa na baya. Takardar tambayoyin da malamai kan raba ma tana taimaka wa wannan ɗabi'a, domin yawanci suna da shekara take nema, abin da ke rubuce a ƙaramin allon da ke gefen zanen. Yaro mai wayo zai cike takardarsa tsaf ba tare da ya ɗaga ido ya dubi zanen ba. Ba laifinsa ba ne, abin da aka tambaye shi ya amsa.

Mutum-mutumin da suke kira Dawuda ya fi kowane shan wannan wahala. Mikelanjelo ya sassaƙa shi tsakanin 1501 da 1504, tsayinsa ya haura mita biyar. Da farko an yi niyyar ɗora shi can sama a jikin babbar majami'a, daga baya aka ajiye shi a dandali gaban fadar mulkin birni, a lokacin da Fulorans ta kori gidan Medichi tana mulkin kanta. Saƙon a bayyane yake ga mutanen wancan zamani: ƙaramin gari ne ke gargaɗin manyan maƙiya. A 1873 aka mayar da shi cikin gidan Akademiya, aka kafa kwafinsa a dandalin a 1910. Yanzu yaro yana ganinsa a ƙarƙashin rufi, shi kaɗai, an tsame shi daga siyasar da ta haife shi, ya zama gwajin iya sassaƙa jijiya kawai.

Ga kuma batun tsiraici, wanda masu shirya tafiya kan so su wuce shi da sauri. Yawancin masu karatunmu ba za su yarda da siffanta annabi da dutse ba, balle a tsirara, kuma ba mu kaɗai ke da irin wannan damuwa ba. A 2023 wata shugabar makaranta a jihar Fulorida ta Amurka ta rasa aikinta bayan wasu iyaye sun yi ƙorafi kan nuna wa yara hoton wannan mutum-mutumi, har hukumomin Fulorans suka gayyace ta ta zo ta gan shi da idonta. Jaridu sun mai da abin raha. Amma a Fulorans ɗin kanta an yi wannan gardama tun da daɗewa. A 1497 mabiyan mai wa'azi Sabonarola sun tara kayan ado da littattafai da zane-zane sun cinna musu wuta a wannan dandali, shekara ɗaya bayan haka shi ma aka kashe shi a wurin. Ajin da ya tsaya a kan wannan dutse ba tare da an tambayi yara ko me ya sa hoto ke tsorata mutane ba, ya bar darasi mafi girma a ƙasa.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin garin, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa. A gidan zuhudu na San Marko akwai ƙananan ɗakuna fiye da arba'in, kowanne da zane ɗaya a bango, aikin Fira Anjeliko da almajiransa. An yi kowane zane ne don mutum ɗaya ya zauna da shi shekara da shekaru. Ɗakin ba ya ɗaukar taro, dole ɗalibi ya leƙa shi kaɗai ko su biyu, kuma zanen yana nan inda aka yi shi, kusa da tagar da aka yi shi dominta. Haka ɗakin ibada na Barankachi a ƙetaren kogin Arno, inda Masacho ya yi aiki kafin ya rasu a 1428 bai kai shekara talatin ba. Inuwar mutanen da ya zana tana faɗuwa ne daidai da hasken tagar gaske da ke ɗakin. Wannan abu ba a ganinsa a littafi, kuma ba za a gan shi a Ufizi ba. Mikelanjelo yana saurayi a nan ya zauna yana kwaikwayo da alƙalami, takardarsa ɗaya tana nan har yau a birnin Munik. Ba mu ga dalilin da zai hana ajin zane yin abin da ya yi ba: a zauna sa'a guda gaban bango ɗaya da fensir, ko da za a bar rabin jadawalin. Amma iyayen da suka biya kuɗi suna jiran hoton ɗansu gaban abin da suka sani, makaranta kuma ta san haka.

Saura labarin da jadawalin ke bayarwa game da garin kansa, wato wai wasu haziƙai ne suka farka rana ɗaya a tsakiyar Turai suka ƙirƙiro duniyar zamani su kaɗai. Bangon garin bai yarda da wannan ba. Fulorans garin 'yan kasuwar ulu da masu banki ne, kuɗinsu na zinari da suka fara bugawa a 1252 ya fito ne a zamanin da zinarin Afirka ta Yamma ke ratsa Sahara zuwa tashoshin Bahar Rum. A 1487 Sarkin Masar Ƙaitbai ya aiko wa Lorenzo na Medichi kyautar raƙumin dawa, kuma dabbar ta shiga zane-zanen garin. A cikin Ufizi ɗin ma, kafin a kai ɗakin Botichelli, akwai babban allon Jentile da Fabriyano na 1423, wanda ke nuna sarakunan gabas sun zo gaisuwar haihuwar Almasihu. Da'irar zinarin da ke kewaye da kan Maryamu cike take da rubutu mai kama da Larabci. Ba ya karantuwa, kwaikwayo ne na haruffan da mai zanen ya gani a jikin tasoshin tagulla da yadudduka masu tsada da ake kawowa daga Masar da Sham. A idon attajirin Fulorans na lokacin, harafin Larabci alamar daraja ce, har ya dace da kan mace mafi tsarki a addininsa. Duk yaron da ya taɓa riƙe allo a makarantar Alƙur'ani zai ja birki a nan, ya fara neman alif da lam. Ayarin ɗalibai kuwa yakan wuce ta gabansa a gurguje, domin Benus tana can gaba kuma lokacin abincin rana ya kusa.