Smith: Sunan da Maƙera Suka Bar wa Ingila

A ƙidayar jama'ar Amurka ta 2010, mutum 2,442,977 ne aka samu suna amsa sunan Smith. Babu sunan dangin da ya kamo ƙafarsa a ƙasar, kuma shi ne a kan gaba a Ingila da Sikotland da Ostireliya. A Birtaniya kaɗai masu sunan sun haura rabin miliyan. Wanda ya ji wannan yawa zai zaci wani kaka ne can a zamanin da, Allah ya albarkaci zuriyarsa har ta cika ƙasashe. Ko kusa ba haka ba ne. Smith sunan sana'a ne, asalinsa a tsohon Turanci mai aikin ƙarfe, wato maƙeri, kuma dubban maƙeran da ba su san juna ba ne suka bar wa 'ya'yansu shi.

Kafin Normawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, suna ɗaya mutum yake da shi. In an yi masa laƙabi, ranar da aka binne shi aka binne laƙabin. Akwai wani Ecceard Smith da aka rubuta sunansa a yankin Durham a 975, wanda ake yawan kawowa a matsayin Smith na farko a takarda, amma shi ƙira yake yi da hannunsa, ba gadon suna ya yi ba. Manyan masu ƙasa ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, don gado ya san inda zai bi. Talakawa sun biyo baya a hankali, har zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan da ake gada. Wasu daga sunan uba, kamar Johnson. Wasu daga wurin zama, kamar Hill. Wasu daga kamanni, kamar Brown. Wasu daga sana'a, kamar Taylor na teloli da Baker na masu gasa burodi.

Bahaushe ya san matakin farko na wannan hanya sarai. Muna da Audu Maƙeri da Musa Tela a kowace unguwa, amma in jikan Musa ya zama malamin makaranta, ba mai ce masa Tela. Abin da ya daskarar da laƙabi a Ingila shi ne alƙalami. Mai karɓar haraji yana son ya bambance John ɗin da ya biya da wanda bai biya ba, a ƙasar da John da William da Thomas suka cika kowane ƙauye. Kuɗin kai da aka ɗora wa jama'a a 1377 da 1379 da 1381 ya bar dogayen jerin sunaye. A 1538 kuma Thomas Cromwell ya umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Sunan da ya shiga littafi sau uku a rayuwar mutum ba ya saurin gogewa.

To me ya sa maƙeri ne ya yi zarra, alhali manoma sun fi kowa yawa? A ganina amsar tana cikin yawan nasu. Amfanin laƙabi shi ne ya ware mutum daga jama'a, kuma a ƙauyen da kowa yake noma, ka ce John manomi ba ka faɗi komai ba. Maƙeri kuwa ɗaya ne ko biyu a ƙauye, sunan ya ishe shi alama. Sannan babu ƙauyen da zai rayu ba shi. A wurinsa ake gyara bakin garma kafin huɗa, a wasa lauje kafin girbi, a ƙera ƙusa da sarƙa da wuƙa, a buga wa doki ƙarfen kofato. Rumfarsa ba ta rabuwa da mutane: yaro na jan zugazugi, gawayi ya yi jawur, shi kuma ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, yana duka da masaba tartsatsi na tashi, mai doki na tsaye a bakin ƙofa yana jira. Irin waɗannan kaya ba araha gare su ba, kuma hannu ba ya ƙwarewa sai da shekaru, saboda haka ɗa ne kan gaji rumfar uba. Sana'ar da ta daɗe a gida ɗaya ita ce ta fi sauƙin zama sunan gidan.

Sunan ma faffaɗa ne. Yadda muke da maƙeran baƙi da maƙeran fari, haka su ma suke da masu baƙin ƙarfe da masu kuza da tagulla da zinariya, duk kuwa Smith ne. Wasu suka riƙe cikakken bayanin aikinsu, shi ya sa ake da Goldsmith na zinariya da Arrowsmith na bakin kibiya. Ba a Ingila kaɗai maƙeri ya yi wannan suna ba: shi ne Schmidt a Jamus, Lefebvre a Faransa, Ferrari a Italiya, Kowalski a Foland, Kuznetsov a Rasha, Haddad a ƙasashen Larabawa.

Sai dai ƙira kaɗai ba za ta kai sunan miliyoyi ba. Da ya yi yawa, sai ya zama inuwar da baƙo yake fakewa a cikinta. 'Yan Ayaland masu suna Mac Gabhann, ɗan maƙeri a harshensu, da yawa sun koma Smith a ƙarƙashin mulkin Ingila. Jamusawan da suka yi hijira zuwa Amurka sun mayar da Schmidt Smith, musamman lokacin yaƙin duniya na farko da sunan Jamusanci ya zama abin zargi. Akwai kuma waɗanda ba zaɓa suka yi ba. Bayin da aka kwaso daga Afirka an raba su da sunayen iyayensu, kuma bayan an haramta bauta a Amurka a 1865 da yawa sun fita da sunan wanda ya mallake su. Sama da kashi ɗaya cikin biyar na masu suna Smith a Amurka yau baƙar fata ne. Duk wanda zai ba da tarihin sunan ya tsaya a rumfar maƙeri, ya tsallake gonar auduga, bai yi wa tarihin adalci ba.

Kimiyya ta tabbatar da wannan warwatsuwa. Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun gwada ƙwayar halittar da ɗa namiji yake gada daga uba, suka wallafa sakamako a 2009. Masu sunan da ba shi da yawa, irin Attenborough, kusan tara cikin goma sun haɗa kaka. Masu suna Smith kuwa dangantakarsu ba ta wuce ta mutanen da aka tsinto a titi ba. Shi ya sa nake jin takaicin 'yan kasuwar da suke sayar wa mutane zanen garkuwa da sunan wai tambarin gidan Smith ne. A ƙa'idar Ingila mutum ɗaya ake ba tambari, shi da magadansa, ba duk mai suna ba. Mai sayen yana neman jarumi a bayansa, alhali maƙerin da ya ciyar da ƙauye da garma ba abin kunya ba ne a kira shi kaka. Irin wannan son a fita daban ya sa wasu gidaje suka riƙe rubutun Smyth ko Smythe, ko suka jona wani suna a gaba.

Yawan ya kai har sunan ya zama na kowa. John Smith a bakin Bature daidai yake da wane, kuma wanda ba ya son a gane shi a masauki sau da yawa shi yake rubutawa. George Orwell ya san abin da yake yi da ya sa wa jarumin littafinsa na 1949 suna Winston Smith, ɗan talakan da gwamnati take son ta murƙushe. Amma sunan bai hana fice ba: Adam Smith na Kirkcaldy ya fitar da littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776, kuma har gobe masana tattalin arziki suna muhawara a kansa.

Arewacin Najeriya ma ya ga nasa rabon. Sir Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Mai Wandon Ƙarfe, shi ne gwamnan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1957. Mary Smith ce ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga a 1954, mijinta M. G. Smith, haifaffen Jamaika, ya rubuta tarihin sarautar Zazzau. Sai H. F. C. Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Da ya musulunta ya ajiye sunayensa uku na farko ya zama Abdullahi, ya ci gaba da amsa Smith har rasuwarsa a 1984.