"Obangiji" na Fela Sowande a Kunnen da Ya Saba da Kalangu

Sunan ne ya fara jan hankalinmu. A 1955 aka buga wani kiɗa a Landan mai suna "Obangiji", wanda Fela Sowande (1905–1987) ya tsara wa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai tarin bututu da iska ke busawa, ana latsa shi da yatsu da ƙafafu. Sowande Bayarabe ne da ya koyi ogan a babban cocin Anglikan na Legas kafin ya tafi Ingila a 1934. Kalmar tamu ce, ta shiga bakin Yarbawa har ta zauna cikin waƙoƙin ibadarsu, kuma a kan karin irin wannan waƙa ya gina kiɗan.

Mu da muka tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kiɗan Shata ne ya raini kunnenmu. Mun saba da kalangu, wanda makaɗi ke matsewa a hammata, murya ta hau ta sauka kamar magana. Ogan ba ya haka. Kowane bututu murya ɗaya gare shi; ko an latsa da ƙarfi ko a hankali, ba ta lanƙwasa. To yaya zai ɗauki waƙar harshen da hawa da saukar murya ke sauya wa kalma ma'ana?

Dabarar Sowande ita ce ya bar karin waƙar a fili, ya zuba ƙarfinsa a abin da ke kewaye da shi. Kiɗan na buɗewa da shela mai tuna mana kakaki a ƙofar fada. Muryar ogan kuma ba ta yankewa, kamar algaita a bakin gwanin da ba a jin lokacin da yake jan numfashi. A nan ya yi nasara: girma da kwarjinin da sunan ke nufi, kunne na jin su ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Amma akwai abin da ya salwanta. Muryoyin da aka jera a ƙarƙashin waƙar tsarin Turai ne zalla, kuma babu bugun fata da zai motsa ƙafa. Waƙar ta shiga babbar riga, sai dai rigar aro ce, tana hana ta sakewa.

Duk da haka, darasin ya shafe mu. Fiyanon da ya mamaye situdiyon Kano shi ma muryoyinsa a kafe suke, kuma sau da yawa mukan ji an karya karin kalmar Hausa don ta dace da kiɗa. Sowande ya sa na'ura ta bi waƙa ne. Masu haɗa mana kiɗa a yau ya kamata su saurare shi, ko don wannan kaɗai.