Jinjina ga Injiniyoyin Golf ta Bakwai

Golf ta bakwai, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar a 2012, ta fi yayarta tsawo da faɗi, amma nauyinta ya ragu da abin da ya kai kilo 100. Injiniyoyin kamfanin sun cimma haka ta hanyar amfani da ƙarfe mai ƙwari wanda ake matsewa tun yana da zafi, don haka siririn falle yake ɗaukar aikin mai kauri. Sun kuma ɗora motar a kan sabon tsarin MQB, inda kowane inji, na fetur ko na dizal, yake zama a gurbi ɗaya.

Gwanintarsu ta fi fitowa a injin fetur mai lita 1.4. Gangar jikinsa ta alminiyom ce, kuma an sa masa bel a madadin sarƙar da ta sha jawo ƙorafi a injinan baya. Wani nau'insa yana kashe silinda biyu daga cikin huɗu idan mota na tafiya ba wahala, ya tashe su da zarar an taka totur. Da ƙyar direba yake jin canjin, kuma a nan ne aikin ya cancanci yabo. Dizal ya zo a lita 1.6 da 2.0.

Ko ƙafafun baya an bambanta su: motoci masu ƙaramin inji sun samu sandar ƙarfe ɗaya mai sauƙin kuɗi, masu ƙarfi kuwa kowace taya da hannayenta. A 2013 aka zaɓi Golf ta bakwai a matsayin motar shekara a Turai.