Mawaƙanmu Sun Ci Hanya, Sun Hana Mu Labarinta

A 1997 wani mawaƙin Amurka mai suna David Lee Roth ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Crazy from the Heat. Shi ne tsohon mai riƙe da makirufo a ƙungiyar Van Halen, mutum mai gashi har kafaɗa, mai tsalle-tsalle a kan dandamali, mai son a san da shi. Rabin littafin cika baki ne. Amma a cikinsa ya warware wani abu da aka daɗe ana yi musu dariya a kai. A takardar yarjejeniyar wasansu akwai sharaɗin cewa a ajiye musu alewar M&M's a ɗakin hutawa, amma a tsince duk mai ruwan ƙasa a fitar. Kowa ya ɗauka iyayi ne. Roth ya ce tarko ne: suna yawo da tirela 9 na kayan wuta da na sauti masu nauyin gaske, idan ya shiga ɗaki ya ga alewar da aka hana, ya san mai shirya wasan bai karanta takardar da kyau ba, sai a sake duba komai tun daga wayoyin lantarki har ƙarfin dandamalin.

Irin wannan labari ne ke sa mai son kiɗan Hausa cizon yatsa. Domin in dai maganar yawo ce da ƙasaita da jan hankalin taro, wane Roth a gaban Mamman Shata?

Shata ya fara fita daga Musawa yana tallar goro da alewa, ya ƙare ya zaga Arewa lungu-lungu, ya shiga Nijar da Ghana, ya je Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Fiye da shekara 50 yana kan hanya da masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira da direbobi. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ɗan mitsitsi ya kai shi ƙasashen Turai, ya rasu a 2015. Barmani Choge ta kwashe shekaru tana bin bukukuwa da ƙoren amada, ta rasu a 2013. Haruna Uji na Haɗejiya ya yi yawo da gurminsa har sunan Jummai ya shiga kowane gida. Mutum ya shiga shagon littattafai ya ce a ba shi labarin tafiye-tafiyen ɗaya daga cikinsu, wanda shi da bakinsa ya zauna ya tsara, mai shago zai dube shi ne kawai.

Ba wai ba a yi rubutu a kansu ba. An yi, har ya yi yawa ta wani ɓangaren. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Yusuf Tijjani Albasu da Ali Malami, suka fitar da Shata Ikon Allah!, kuma dole a sara musu, domin a nan kam an ji ƙamshin hanya. Sauran fa? Kundin ɗalibai ne iri ɗaya a sassan Hausa na jami'o'i: haihuwarsa, ƙuruciyarsa, matansa da 'ya'yansa, sai a faɗa jigo da salo da zubi da tsari. A yi wa waƙa fiɗa ɗango-ɗango, a ƙirga kamance da siffantawa, amma ba wanda zai ce ga inda mawaƙin ya kwana daren da ya yi ta, ko wa ya biya kuɗin mai.

Alhali kuɗin man nan shi ne labarin. A ɗauki ƙasar Gumel kaɗai. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika ta batse da shanu da raƙuma daga Nijar da fatake daga kudu, kuma inda dillali ya sami riba makaɗi ba ya nisa. Ga hawan Sallah a fadar Lautai, inda Sarki Ahmad Muhammad Sani ya haura shekara 40 a kan karaga. Ga tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa a kan layin Kano zuwa Nguru, ga bukukuwan kaka a ƙauyukan Sule Tankarkar bayan an shigar da gero da riɗi. Duk makaɗin da ya bi wannan yanki yana da abin faɗa: yadda ake neman izinin mai gari kafin a kafa fili, yadda ake tsallaka iyaka da kalangai zuwa Dungas ko Magarya, yadda ake canja sefa, yadda ake raba kuɗin liƙi da asuba tsakanin uban tafiya da mai kiɗa da ɗan amshi, da wanda ke fushi a kowane rabo. Me ake yi idan mota ta kafe a rairayi kuma amarya na jira? Me ake yi idan attajirin da ya yi alkawarin doki a bainar jama'a ya ɓace da safe?

Abin haushi, wanda ya bar cikakken bayanin wucewarsa ta Gumel baƙo ne. Heinrich Barth ya ratsa garin a Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta har cinikin kanwar da ya gani. Kuma kada a ce ai Bature ne. Dorugu, yaron da ya bi Barth ɗin har Ingila, ya zauna ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya yi Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya yi Motsi Ya Fi Zama. Baba ta Karo ba ta iya boko ba, amma ta zauna da Mary Smith ta zayyana rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Saboda haka uzurin rashin karatu bai karɓu ba. Fela ma ba shi ya riƙe alƙalami ba, Carlos Moore ya yi ta naɗar maganarsa, littafin ya fito a 1982 da muryar Fela, da zaginsa da komai. Hugh Masekela ya yi nasa a 2004.

Za a ce mawaƙin baka tarihinsa na cikin waƙarsa, ga Bakandamiyar Shata nan, kuma maroƙi ba ya tona rowar ubangida alhali gobe zai koma ƙofarsa. To, an ji. Sai dai kirari daban, labari daban. A bakandamiya ba wanda ke faɗin ranar da aka watse aka bar shi da makaɗansa.

Na dauri dai sun tafi, Allah ya jiƙansu. Fushin na 'yan yanzu ne, waɗanda ke da waya a hannu da ɗan ɗaukar hoto a bayansu dare da rana. Ba a taɓa yin mawaƙan da ake ɗauka kamar su ba, ba a kuma taɓa yin waɗanda aka fi jahiltar aikinsu ba. Abin da ke fitowa a TikTok da Instagram: an buɗe ƙofar mota, an sauko da ƙafar dama, shadda tana walƙiya, 'yan rakiya suna ihu, ana watsa kuɗi. Gobe ma haka, a wani gari. Idan an zaunar da su hira, a Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa ko a shirin Hadiza Gabon, mai tambaya ya yi iya yinsa, amsar dai ita ce sai godiyar Allah, masoya sun nuna ƙauna, mahassada kuma a bar su da halinsu. Waɗanne mahassada? Ba suna. Wane gari ne janareta ya mutu ana tsakiyar wasa? Babu. Kowa ya fara waƙa ne tun yana Islamiyya, kowa ya sha wahala, ba wanda zai ce ga irin wahalar.

Dauda Kahutu Rarara ya bi jerin gwanon kamfen tun zaɓen 2015. Abin da ya gani a bayan dandamalin siyasa, a masaukai da gidajen gwamnati, ya isa littafi mai kauri, kuma ko masu jin haushinsa za su yi layi su saya. Naziru Sarkin Waƙa baki gare shi, ba ya tsoron magana, amma maganar tana ƙarewa a bidiyon minti biyu da ke nutsewa cikin mako. Wanda ya fi ba da haushi, don an fi sa rai da shi, Aminu Ala ne, tunda shi marubuci ne kafin ya shahara a waƙa. Mutumin da ya rubuta Jirgi Ɗaya Ke Ɗauke Da Ni ba ya buƙatar wani Carlos Moore.

Sannan akwai waɗanda ba a ma tunawa da su, su ne kuwa suka fi sanin sirrin: tsofaffin 'yan amshi, masu kalangu da suka ajiye kiɗa, direbobin da suka tuƙa manyan mawaƙa. Su ba su da ubangidan da za su ji kunya, ba su da suna da za su kare, kuma sun iya ba da labari. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye ɗaliban Hausa duk shekara, kowanne da aikin binciken kammalawa. Da malamai za su hana nazarin jigo da salo na shekara biyu kacal, su ce kowa ya ɗauki waya ya nemo tsohon makaɗin garinsu ya tambaye shi nawa aka ba shi a wasansa na farko, da wa ya cinye rabonsa, da an tara abin da zai sa a manta da Roth da alewarsa mai ruwan ƙasa a wannan yanki. Ɗalibin ma zai fi jin daɗi, ko da kuwa mai duba aikin zai tambaye shi ina ra'in da ya ɗora binciken a kai.