Dambun Ɗalibai a Harobanda

Idan ka tsallaka gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai ka sauka Harobanda, ka shigo yankin Jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka kafa a 1971. Tana da gidan abincin ɗalibai, amma layinsa dogo ne, kuɗin tallafin karatu kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Wani ɗalibin sai ya jingina da teburin mai shayi, yau burodi da ƙwai, gobe ma haka, kafin wata ya raba aljihu ya bushe. Wani kuwa yana da tukunya ɗaya, da murhun gawayi, da madambaci, wato kwanon nan mai ƙananan huji a gindi da ake turara abinci a ciki. Aikin wannan na biyun ne ya cancanci a tsaya a kalla.

Tun da safe, kafin ya tafi aji, yake jiƙa wake gwangwani biyu, domin jiƙaƙƙen wake ba ya cin wuta. Da ya dawo sai ya wanke tsakin masara ko na shinkafa, ya tsane shi, ya bar shi ya ɗan kumbura. Ya zuba waken a tukunya da ɗan ƙanƙanin kanwa, ruwa bai wuce rabi ba, ya ɗiga man gyaɗa don kada kumfa ta taso ta taɓa abin da ke sama. Sannan ya ɗora madambaci a bakin tukunyar. A nan hikimar take: tururin da wake zai yi asararsa a iska shi ne zai dafa dambun. Wuta ɗaya, abincin rana a sama, na dare a ƙasa. Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da aka sa wa jami'ar sunansa a 1992, rayuwarsa ya ƙarar yana neman yadda zafi ba zai tafi a banza ba; ina ganin wannan lissafi da ya burge shi.

Dubi yadda yake naɗe mahaɗar tukunya da madambaci da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, yana bi da yatsa yana toshe duk inda ya ji huci na fita. Tsakin ma ba danna shi yake ba, barbaɗa shi yake a hankali, saboda idan ya danƙare tururi ba zai sami hanya ba, gefe ya nuna tsakiya ta zauna ɗanya. Ba ya duba agogo. Idan tururi ya ratso ko'ina a saman tsakin, turarawar farko ta yi.

Sai ya juye a faffaɗar roba, ya yayyafa ruwan gishiri, ya bi da cokali yana wargaza gudaji har ƙwaya ta rabu da 'yar uwarta. Yanzu ne zogale ke shigowa. Ɗanyensa yana samuwa daga lambunan bakin kogi, amma busasshe ya fi araha, kuma yana daɗewa a ɗaki. Ya riga ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya tsince itatuwan, ya matse shi sosai don ɗacin ya ragu. Ya cakuɗa, ya mayar kan wuta. Bayan turarawa ta biyu yakan murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu. In bai ji tsauri a tsakiyar ƙwaya ba, ya sauke.

Sauran aikin na hannu ne da ido: albasar Galmi yankan siriri, tattasai, dakakken ƙuli-ƙuli wanda ke tsaya wa nama, yaji, da mai cokali biyu da aka ɗan soya. Sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke haɗa hannu, wannan ya zo da tiyar tsaki daga gida, wancan ya sayi gawayi, su kewaye faranti ɗaya.

Kafin su gama ci waken ƙasa ya yi laushi. Sai ya tsame garwashin da ya rage, ya rufe shi da yashi, gobe ya sake kamawa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura maki 40, dafaffen wake ba ya kwana lafiya, shi ya sa tun farko ya auna iya na dare. Bayan isha'i zai ɗumama shi, ya jiƙa garin rogo da ɗan ruwan waken, ya yanka sauran albasar a kai.